Awawu Mai Duba Juji

An yi wata mata a Zangon Yendi, sunanta Awawu, wadda sana'arta ba ta da wani suna sai wanda mutane suka laƙaba mata: mai duba juji. Idan mutum yana son taki a gonarsa, na kanti kuma ya fi ƙarfinsa, sai ya aika a kira ta. Takan zo da 'yar fartanyarta da gwangwanayen madara guda biyu, ta hau kan bola ta tona, ta shinshina, ta murza ƙasar a hannu. Bayan kwana bakwai sai ta gaya masa ko ya ɗiba ko ya bari. Ladanta mudun hatsi ne idan an girbe, wani lokaci kuma godiya kawai.

Ba a Yendi aka haife ta ba. 'Yar Salaga ce, daga gidan fataken goro. Kakanta yana cikin masu kai kaya har Kano a kan jakuna, amma ita ba ta riski wannan zamani ba. Abin da ta tarar shi ne ƙaton zaure mai yoyo, da rijiya a tsakar gida, da mazan da suka koma cinikin doya. A bayan gidan akwai tsohon juji da aka daina zuba shara a kansa tun kafin a haife ta, nan ne kakarta take shuka kuɓewa da yakuwa. Tsohuwar ba ta taɓa zaunar da ita ta koya mata komai ba. Aiken ta kawai take yi ta ɗebo ƙasa, in ta kawo wadda ba ta yi ba sai ta ce, "Wannan ɗanya ce, koma ki tona ƙasa-ƙasa." A haka hannunta ya saba, ba ta kuwa ɗauki abin a bakin komai ba.

Tana da shekara goma sha tara ta auri Musah, mutumin Bawku, abokin cinikin wanta Mumuni. Musah mai lambun albasa ne. Wani dattijo a hanyar Binduri ya ba shi aron fili a bakin madatsar ruwa, a nan yake noman rani. 'Ya'ya uku suka haifa, mace ɗaya ce ta rayu, Ayishetu.

Shekarar 1983 ce ta fito da abin da ke hannun Awawu. Damina ta ƙi, gobarar daji ta cinye abin da fari ya rage, ga mutanen da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje. A gidan Musah sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, ita ma kokonte ne, wato tuwon garin rogo, da miyar kuka wadda ba ta ga mai ba. Da ruwan madatsa ya ja baya Musah ya zuba irin albasa, amma babu abin da zai ciyar da ƙasar. Fulanin da yake samun kashin shanu a wurinsu sun kora dabbobinsu kudu, takin zamani kuwa ko da kuɗi babu shi a shago. Sai ya dawo gida ya zauna a ƙofar ɗaki ya dafe kai.

Wata rana Awawu ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Malam, akwai wani juji a bayan tsohuwar kasuwar awaki. Na ga kabewa ta fito a kansa, ba wanda ya shuka ta."

"To sai me?"

"Ka bar ni in je in duba shi."

Musah ya ɗago kai ya dube ta. "Matata a kan bola, kasuwa tana kallo? Me zan gaya wa Mumuni in ya ji?"

"Ka gaya masa yunwa muke ji."

Bai ce ta je ba, bai kuma hana ta ba. Da safe ta tafi. Ta ture sharar sama gefe, ta tona har ramin ya shanye hannunta zuwa kafaɗa. Ta ji ƙasar da sanyi, alamar ta gama nuna, domin jujin da ke da ɗumi a ciki bai daina cin kansa ba, zai ci shuka ma. Ta dunƙule ta a tafi ta ga ta kama jikinta, ta taɓa da yatsa ta ga ta warwatse. Ƙamshinta kamar na ƙasa bayan ruwan farko. Ga tana, ga fararen tsutsotsin nan masu ƙiba sun naɗe a ciki. Duk da haka ba ta yarda da hancinta kaɗai ba. Ta cika gwangwani ɗaya da ƙasar jujin, ɗaya da ƙasar lambu, ta binne ƙwayar wake goma-goma, a shekarar da ƙwayar wake ashirin abin miya ce. Ran kwana bakwai ta ajiye su a gaban Musah. Na lambu ya fito sirara, na juji ya fito duka goma, ganye har da baƙi-baƙi.

Musah da kansa ya huda tsohon kwanon rufi da ƙusa ya yi mata rariya, ya aro amalanken jaki. Suka yi kwana goma sha biyu suna tankaɗe ƙasa, suna tsince fasassun tukwane da ƙasusuwa. Albasar ba ta yi girman a zo a gani ba, don ruwan madatsa ya ƙafe kafin lokaci, amma ta yi abin da suka musanya da gero har ya kai su damina. Maƙwabcinsu a lambu da ya ga haka, sai ya je ya kwaso daga jujin da ake zubawa yau da gobe, dashensa ya ƙone ƙurmus cikin kwana huɗu. Daga nan ne masu lambu suka fara cewa, kafin a ɗiba a kira matar Musah.

Shekara shida suka yi a haka. A 1989 tari ya kama Musah, ya rasu kafin a cire albasa. Filin dama shi aka ara wa, ba ita ba, saboda haka da aka gama girbi mai shi ya karɓi abinsa. Mumuni, wanda a lokacin ya zauna a Yendi yana sayen doya daga Salaga yana turawa arewa, ya zo ya kwashe ƙanwarsa da 'yarta.

A Yendi aiki ya same ta fiye da Bawku, domin gwamnati ta janye hannunta daga takin zamani, buhu ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya ko tambaya. Sai dai jujin kansa ya canza. Da can sharar gida toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki da ɓawon doya, abin da ƙasa ta sani. Yanzu kuwa leda ta shigo, ga matattun batura na tocila da rediyo suna fashewa suna zubar da baƙin gari. Takan ce a Bawku juji goma in ta duba bakwai sun yi, a nan kuwa da ƙyar take samun uku. Wanda ta fi amincewa da shi yana can wajen gari, tafiyar mil biyu, a kufan wata tsohuwar unguwa.

A farkon 1994 rikici ya ɓarke a ƙasar, aka ƙone ƙauyuka, hanyar Salaga ta rufe. Mutane suka yi ta kwarara cikin Yendi da abin da suka iya ɗauka a ka. Cinikin Mumuni ya tsaya cak, gidansa mai ɗaki biyar ya koma ɗaukar mutum ashirin da shida. Ayishetu tana cikinsu da goyo, mijinta ya maƙale a Kumasi. Akwai kuma Damata, matar wani manomi da Mumuni yake sayen doya a hannunsa. Ta iso da 'ya'ya huɗu, ba ta san inda mijinta yake ba, ba ta kuma ƙara ganinsa ba.

Da damina ta matso, babu mai iya zuwa gonakin wajen gari. Masu agaji suka raba irin masara, kowane gida 'yan mudu kaɗan, suka ce daga wannan babu wani. Aka ba matan gidan Mumuni da na gidaje uku maƙwabta wani fili a bayan makaranta. Awawu tana taka shi ta san ya gaji: ja ne, ya yi tauri, ko ciyawa ba ta fita da kirki. In ba a ciyar da shi ba, masara ba za ta kai gwiwa ba.

Ta ce wa wanta, "Yaya, jujin kufai ne zai yi mana."

Mumuni ya ce, "Wa zai je? Shekaranjiya aka dawo da gawar mutum biyu daga wannan hanya. Ki duba na bayan tasha."

"Ban taɓa son na bayan tasha ba."

"Ba so nake tambayarki ba, Awawu. Shi ne muke da shi."

Ta je. Ƙaton tudu ne, gefensa ɗaya yana kallon kasuwa, ɗayan yana kallon rumfunan masu gyaran mota. Gefen kasuwa ya lulluɓe da leda da ɗanyar shara, sai ta tona ta gefen rumfunan, inda ƙasar ta yi baƙi kuma take da sauƙin ɗiba. Ido zai ce taki ne na gaske. Amma da ta dunƙule ta sai ta ji santsi a tafinta, warinta yana kama maƙogwaro, ta tona rami uku ba ta ga tana ko ɗaya ba, kuma babu abin da ya tsiro a kan tudun ta nan sai wata ƙaya. Shekara da shekaru ana zubar da baƙin mai da ruwan batir a wurin. Ta cika gwangwaninta ta koma gida, ta binne ƙwayar wake goma a ciki, ta ajiye shi a bayan randa.

Ran kwana uku aka yi ruwa mai ƙarfi. Matan ba su jira ta ba. Damata ce ta fara, ta ɗauki daro ta nufi bayan tasha, sauran suka bi ta. Sahu takwas take yi a yini da ƙaramin ɗanta a bayanta, cikinta babu komai sai kunun safe. Tarin baƙar ƙasa ya yi ta girma a bakin filin.

Ran kwana bakwai Awawu ta jawo gwangwanin. Ƙwaya uku ne suka fito cikin goma, su ma a karkace. Ta tumɓuke ɗaya, ta ga saiwar ta yi ja ta murɗe. Ayishetu tana tsaye a kanta.

"Mma, wannan ai bai yi ba."

"Na gani."

"Sai ki gaya musu."

"In gaya musu su yi yaya? Ruwa ya sauka. In ba a shuka a wannan mako ba an makara. In an shuka a filin nan haka, babu abin da za a samu. In ce wa Damata sahu talatin da ta yi a banza ne?"

"To in ta ƙone fa?"

Awawu ta mayar da tsiron cikin gwangwanin. Sa'an nan ta ce, "Gwangwani ƙarami ne, gubar ba ta da inda za ta je. A fili ruwan sama zai wanke ta. In an gauraya da ƙasar gona, wataƙila ta yi."

Ita kanta ta san ba ta taɓa yanke wa juji hukunci da wataƙila ba. Ta juye gwangwanin a bayan ɗaki, ta taka da ƙafa.

Da rana matan suka taru a bakin fili, kowa da irinta a ƙulle a bakin zane. Damata ta ce, "Mma Awawu, waken ya fito?"

"Ya fito," in ji Awawu. "Ku zuba, amma ku gauraya sosai."

Yadda yunwa ta sa su zumuɗi, babu wadda ta gauraya sosai. Kowace ta cika ramin shuka da baƙar ƙasa don masararta ta fi ƙarfi. Bayan mako biyu filin ya fito kamar kan mai ƙyasbi, nan tsiro can fili. Wadda ta fito bakin ganyenta ya ƙone, ta yi rawaya, ta tsaya. Awawu takan je kowace safiya ta tsuguna tana duba sabon ganye, tana roƙon Allah ruwan gaba ya wanke. Aka yi ruwa, aka sake yi, ba abin da ya canza. A ƙarshen filin akwai kunya biyu na wata tsohuwa da ba ta da ƙarfin ɗauko taki, ta shuka a jar ƙasa haka nan. Masararta siririya ce, amma kore ce, kuma tana raye. Kowa ya gani.

Damata ta sami Awawu a tsakar gida tana tankaɗen garin rogo, mutane cike da gida.

"Mma Awawu, ƙwaya nawa suka fito?"

Awawu ta ajiye rariya. "Uku."

"Cikin goma?"

"Cikin goma."

"Kin sani ke nan, ranar da na tambaye ki."

"Na sani. Na ga wahalar da kika sha, bakina ya kasa."

Damata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wahala na saba da ita. Da kin ce mini bai yi ba, da na dafa wa yarana irin nan sun ci na kwana biyar." Ta juya ta shiga ɗaki.

Tun daga ranar aka daina gaishe da Awawu a unguwa. Mumuni ya kira ta ya ce laifin nasa ne, shi ya matsa mata. Ta ce shi bai ga cikin gwangwanin ba.

Kashegari ta ɗauki fartanya ta koma bayan tasha ita kaɗai, amma ta zaga gefen kasuwa, inda leda ta rufe. Tunaninta shi ne, kasuwar ta girmi tasha, ta girmi leda, saboda haka dole a ƙarƙashi akwai sharar mutanen da. Ta yi kwana huɗu tana haƙa. Ta wuce ɗanyar shara mai zafi da ƙudaje, ta wuce inda leda ta cuɗe da batura, ramin ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji. A rana ta uku fasasshiyar kwalba ta shige mata tafin ƙafa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. A rana ta huɗu leda ta ƙare. Fartanya ta shiga ƙasa mai laushi da sanyi, cike da toka da guntayen tukwane, har da wuri guda biyu na kuɗin da. Wata tana ta fito tana motsi a bakin fartanyar. Awawu ta zauna a cikin ramin ta yi kuka, domin tun farko abin yana nan, kwana huɗu kawai yake nema.

Ta sake binne wake a ƙasar, wannan karon aka jira kwana bakwai cur kafin a ɗiba, ƙwaya tara suka fito. Ta sa Ayishetu ta ɗauki gwangwanin ta zaga gidajen nan huɗu, kowa ya ƙirga da idonsa. Sai dai irin masara ya ƙare, lokacinta ma ya wuce. Abin da ya rage shi ne wake da kuɓewa, wanda Mumuni ya samo bayan ya sayar da kekensa. Suka kwashe muguwar ƙasar daga rabin filin, suka zuba sabuwa. Damata ta yi ta ɗiba tare da kowa, tana wuce Awawu a bakin rami ba ta ko dube ta.

Ƙafar Awawu ta kumbura har gwiwa, ta yi wata guda a kwance tana zazzaɓi. Tana kwance ne ta ji kuka daga ɗakin Damata. Ƙaramin yaron ne, gudawa ta same shi a kan yunwa, kwana uku ya tafi. A lokacin waken ya fara fure. Ko da masarar farko ta yi, da ƙyar ne ta nuna kafin wannan rana, kuma Ayishetu ta yi ta gaya wa uwarta haka. Awawu ba ta taɓa karɓar wannan magana ba.

Ganyen wake da 'yar kuɓewa da agajin da ake rabawa jefi-jefi ne suka riƙe gidan har hanyoyi suka buɗe. Bayan shekara biyu, da aka yi sulhu, Damata ta shirya komawa ƙauyensu da 'ya'yanta uku. Awawu ta ɗingisa har tasha da sandarta, ta same ta ta riga ta hau lori.

Ta ce, "Damata, ki yafe mini."

Damata ta dube ta daga sama, ta gyara ƙullin kayan da ke cinyarta. Ta ce, "Na ji, Mma Awawu. Ki koma gida, ƙafarki." Lori ta tashi.

Awawu ba ta sake iya hawa tudu ba. Masu neman taki suka koma kawo mata ƙasa har gida, tana gaya musu zurfin da za su tona, ba ta kuma karɓar komai a hannunsu. A 1998 mijin Ayishetu ya buɗe rumfar hatsi a Salaga, suka tafi da ita. Ciwon ƙafar ya yi ta dawowa duk damina, shi ne kuma ajalinta a shekara ta gaba, tana da shekara hamsin da ɗaya.